Who, whom, whose, which ko that: yadda ake gane wadda ta dace

Wani matashin malami da ke koyar da Turanci a ƙaramar sakandare a Jega ya aiko da wannan tambaya: “Malam, barka da aiki. Tun muna firamare aka sa mu haddace cewa who na mutum ne, which na dabba da kaya, that kuma na kowa da kowa. Haka nake koya wa yarana. Amma in na karɓi littattafansu sai in tarar da ‘The man who his cow died is crying’ da ‘Argungu is the town where I love’. Na san akwai kuskure, sai dai wani yaro ya ce min, ‘To Malam, ai mutum ne, kuma kai ka ce who na mutum ne’, sai na rasa ta cewa. Ni kaina whom tana ba ni wuya. Ina mafita?”

Ƙanena, yaron nan da ya kashe maka baki ya fi sauran sauraron darasi, kada ka ɗauke shi mai gardama. Abin da aka sa mu haddace ba ƙarya ba ne, rabin magana ne. Ya koya mana mu dubi baya, wato sunan da ya gabaci kalmar, mu ga ko mutum ne ko abu. Bai koya mana mu dubi gaba ba, mu ga aikin da wannan mutumin ko abin yake yi a guntun maganar da ke biye. Wannan guntun magana ni “reshe” nake ce masa a aji, don ya tsiro ne daga jikin suna, ba ya tsayuwa shi kaɗai. Kusan duk kurakuran da na gani cikin shekarun da na yi ina duba takardun yara, a cikin reshen suke.

Bari mu fara da harshenmu, don daga nan matsalar take tasowa. Muna da “wanda”, “wadda” ko “wacce”, “waɗanda”, da 'yar ƙaramar “da” ɗin nan da ke cikin “mutumin da”, “matar da”. Abin da Hausa ta damu da shi shi ne namiji ne, mace ce, ko kuwa suna da yawa. Ba ruwanta da ko mutum ne ko ƙwarya: “wadda ta fashe” ƙwarya ce, “wadda ta yi aure” budurwa ce, kalma ɗaya ta ɗauke su. Turanci kuwa nasa lissafin daban. Who ɗaya ce ga namiji da mace da mutum dubu. Shi abin da yake tambaya, mai rai da hankali ne ko a'a, sannan wane gurbi ya tsaya a reshen.

Bambanci na biyu shi ne ya fi cutar yaranmu. Hausa tana son ta bar wakilin suna a baya, ya riƙe wa mutumin gurbinsa. Muna cewa “mutumin da saniyarsa ta mutu”, ga “-sa” nan. “Matar da na yi magana da ita”, ga “ita”. “Yaron da ya zo”, ga “ya”. In ka cire su Hausar ta karye. Turanci kuwa ba ya yarda da haka sam. A wurinsa who ko which ita ce wakilin sunan, ta taso daga gurbinta ne ta dawo bakin reshe, kuma gurbin da ta bari ba a zaunar da kowa a ciki. Kujera ɗaya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu. Saboda haka da yaronka ya rubuta “who his cow died”, Hausa ce tsantsa ya rubuta da kalmomin Turanci: who ita ce “da”, his ita ce “-sa”. Kansa na aiki daidai, harshen da ya ɗauko tsarinsa ne ba shi ba ne. Uwa ɗaya ta haifi wannan da “the boy who he came late” da “the book which I bought it”.

Hanyar da nake bi ita ce a tsaga jimlar gida biyu, a mayar da reshen cikakkiyar jimla mai zaman kanta, a ga wane ƙaramin wakilin suna zai fito.

The man is crying. His cow died. An sami his, sai a sa whose: “The man whose cow died is crying.”

The boy was punished. He came late. An sami he, sai who: “The boy who came late was punished.”

The trader has travelled. We met him at Jega market. An sami him, sai whom: “The trader whom we met at Jega market has travelled.”

Argungu is the town. I love it. An sami it, sai which ko that: “Argungu is the town that I love.”

Argungu is the town. I was born there. An sami there, nan ne where take shiga: “Argungu is the town where I was born.”

Ka lura da biyun ƙarshe. Garin bai canja ba, Argungu ce dai ta Kanta, amma kalmar ta canja saboda aikin garin a reshen ya canja. A ta farko garin ne abin da ake so, a ta biyu wurin da abu ya faru ne. Yara suna ganin town ko market ko school sai hannunsu ya tafi kan where tun ba su karanta sauran ba. Haka yake ga when: “1991 is the year when Kebbi State was created” daidai ne, don “an ƙirƙiro ta a lokacin” ake nufi. Amma “1991 is a year which my father will never forget” which take so, don shekarar ce abin da ba za a manta ba.

Kamannin nan na he da who, him da whom, his da whose ba sa'a ba ce. Tun a tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ƙarshensu iri ɗaya. Wannan ya ba ka dabara mai arha: him, them da whom duk da harafin m suke ƙarewa. In him ko them ta zauna a gurbin, whom ce. Ka riƙa gwadawa da namiji, ko da kuwa a kan mace ake magana, don her tana da fuska biyu, tana zama “ita” tana kuma zama “nata”, za ta rikita yaro.

Game da whom da ka ce tana ba ka wuya, ka kwantar da hankalinka, masu harshen ma gudunta suke. A bakin mutumin Ingila ko Amurka na yau, “the trader who we met” ko “the trader we met” za ka ji, kuma ba wanda zai ɗaga gira. Amma yaranka WAEC da NECO da JAMB ke jiransu, waɗannan kuwa Turancin littafi suke tambaya. In aka ba su zaɓi tsakanin who da whom a gurbin him, whom za su zaɓa. Akwai kuma wuri ɗaya da ko a Ingila ba a sassauta ba, wato bayan 'yan ƙananan kalmomin nan irin su to, with, for, from, about. “The woman to whom I gave the money”, “the friend with whom I travelled to Yauri”. Ba a cewa “to who” a rubutu, kuma that ba ta taɓa zama a bayansu: babu “the woman to that I gave”. In ana son that, sai ƙaramar kalmar ta koma ƙarshe: “the woman that I gave the money to”. Duka biyun halal ne. Abin da ba ya halatta shi ne a ci riba biyu, a sa ta gaba a sa ta baya: “the house in which I live in”. Wannan yawanci yaro mai ƙoƙari ne ke yin sa, ya fara da Turancin littafi, kafin ya kai ƙarshe ya manta.

Ga tarkon da masu tsara jarrabawa ba sa gajiya da ɗanawa, kuma na ga ya kama malamai, ba yara kaɗai ba: “This is the man ____ I think stole the goat.” Ido yana ganin I a gaba sai ya ce ai ga mai aikin nan, saura wanda aka yi wa, whom ke nan. A'a. Tsaga ta: “I think he stole the goat.” He ce ta fito, ba him ba. Amsa who. Kalmomin I think, we believe, they say, she claims cusa su aka yi a tsakiya, kamar yadda muke cusa “a ganina” ko “in ji su”. Sa yatsa ka rufe su, ka karanta abin da ya rage.

Whose kuma ba ta mutane kaɗai ba ce, ko da yake da yawa haka suka zata. “Aliero, whose onions are sold all over Nigeria” Turanci ne mai kyau, kuma ya fi “the onions of which” daɗin baki nesa ba kusa ba. Sai dai ka ja kunnensu kada su haɗa ta da who's mai ɗan waƙafi a sama, wadda taƙaitawar who is ce ko who has. Furucinsu ɗaya, shi ya sa.

Yanzu ga inda na fi so ka daɗe da su, batun waƙafi. Mu a makarantunmu an ɗauki waƙafi kamar wurin shan iska, duk inda numfashi ya ƙare a ɗiga. A wannan babin kuwa waƙafi ma'ana yake canjawa, har yana iya haɗa mutum faɗa da iyalinsa. Dubi waɗannan:

“My wife who sells fura is from Zuru.”

“My wife, who sells fura, is from Zuru.”

Mai jimla ta farko yana da mata fiye da ɗaya. Reshen ne ke nuna wacce yake nufi a cikinsu: mai furar, ba mai ɗinkin ba. In ka cire reshen ba a san wadda ake magana a kai ba. Mai jimla ta biyu matarsa ɗaya tilo, an riga an san ta, zancen fura ƙarin bayani ne kawai, kamar ya ce “af, fura ma take sayarwa”. In ka cire shi ba abin da ya ragu sai labari. Duk ajin da na ba wannan misali ba su sake mantawa ba, musamman da na ce musu mai mace ɗaya da ya manta da waƙafi a rubutu ya yi wa kansa amarya ba sadaki. Hausa ma tana jin wannan bambanci, ba mu dai saba lura ba ne: “matata da ke sayar da fura” daban take da “matata, wadda ke sayar da fura,”. A ta biyun murya tana ɗan sauka, kuma “wadda” cikakkiya muke kawowa.

Daga nan dokoki uku suke fitowa da kansu, ba sai an haddace ba. Sunan da aka riga aka san shi, kamar sunan mutum ko na gari, reshensa na ƙarin bayani ne, dole waƙafi: “Abdullahi Fodio, who wrote many books, lived in Gwandu.” “The Argungu fishing festival, which began in 1934, is held at Matan Fada.” Na biyu, that ba ta shiga reshe mai waƙafi. Wannan shi ne babban ramin da ke cikin “that na kowa da kowa”: “My father, that is a farmer” ba Turanci ba ne, who ake so. Na uku, a reshe mai waƙafi ba a jefar da kalmar, alhali a maras waƙafi ana iya jefarwa in tana gurbin him ko it: “the rice we harvested”, “the trader we met”. In tana gurbin he kuwa tana nan daram, ba a cewa “the boy came late was punished”.

Za ka ci karo da masu cewa which haramun ce in babu waƙafi, that kaɗai ta halatta. In kana rubutu a kwamfuta ma wataƙila ka ga ta ja maka layi a ƙarƙashin which ɗin. Asalin wannan shawara ce. Wani masanin Ingila, H. W. Fowler, a littafinsa na amfani da Turanci da ya fito a 1926, ya ce da marubuta za su raba aiki, that ta ɗauki reshe maras waƙafi, which ta ɗauki mai waƙafi, da an fi samun tsabta. Shi da kansa ya yarda cewa ba haka yawancin marubuta suke yi ba. Editocin Amurka suka ɗauki shawarar suka mayar da ita doka, mutanen Ingila kuwa har gobe suna rubuta “the book which I bought” hankali kwance. Mu Turancin Ingila muka gada, don haka kada ka soke wa yaro “the canoe which sank”. Ni dai a nawa rubutun that nake sawa a irin wannan wuri, don ta fi sauƙi a harshe, amma ra'ayi ne. Rabon nan na who ga mutum, which ga abu ma ba tun fil azal yake ba. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 an rubuta “Our Father which art in heaven”, which ga mai rai. Daga baya ne harshen ya raba musu gado.

Akwai wuraren da kunnen mai harshen ya fi karkata ga that ko da which ba laifi ba ce a nahawu: bayan all, everything, nothing, the only, the first, da siffofin fifiko irin su the best, the biggest. “The biggest fish that was caught.” Haka in an gwama mutane da kaya a wuri ɗaya, “the fishermen and the gourds that filled the river”, tunda who ba za ta ɗauki gora ba, which kuma ba za ta ɗauki masunta ba.

Wannan ya kawo mu kan “all what”, wadda ta zama ruwan dare har a bakin manya masu jawabi a rediyo. What tana nufin “abin da”, wato ta riga ta haɗiye sunanta a ciki. Ba ta bin bayan suna. “What he said is true” daidai. “All that he said is true” daidai. “All what he said” da “the thing what he said” kuskure ne, kuma ka ga daga ina ya fito: “duk abin da ya faɗa”, an bi kalma bayan kalma.

Which tana da wani aiki da sauran ba su da shi, tana iya komawa kan magana gaba ɗaya maimakon suna guda: “The river overflowed in September, which destroyed many rice farms.” Ba Satumba ce ta lalata gonakin ba, ambaliyar ce. Daidai yake da namu “lamarin da ya” na 'yan jarida. Kullum da waƙafi take zuwa a nan. Sai kuma “of which” da wasu ma'aikata suka mayar abin cike baki, “I went to his office, of which he was not around”. Wannan ba ta da gindi, a sa but a wuce. Inda of which da of whom suke da gurbi shi ne bayan adadi: “He has nine children, three of whom are teachers”, “She bought ten bags, some of which were wet”. Yaran da suka iya wannan ginin, insha'insu yana fita daban a idon mai dubawa. Waɗanda ba su iya ba sukan rubuta “three of them are teachers” bayan waƙafi, sun liƙa jimla biyu ba igiya.

Dabbobi which ko that suke ɗauka, sai in dabbar gida ce mai suna da ake ji da ita kamar mutum. Aikatau kuma yana bin sunan da ke baya ne: “the girl who sells”, “the girls who sell”, har da “It is I who am responsible” da jarrabawa ke so ko da yake ba mai faɗin haka a kasuwa.

Tunda yaranka za su kai ga WAEC, ka sani wannan darasi sau uku yake biyan su. Yana fitowa a tambayoyin zaɓi. Yana fitowa a insha'i, inda kowane kuskuren nahawu ko waƙafi ke cin rabin maki daga makin da aka ware wa tsabtar rubutu. Yana kuma fitowa a fahimtar nassi, inda ake ciro guntun magana a ce a faɗi sunansa na nahawu da aikinsa. In guntun ya fara da who, whom, whose, which ko that kuma yana bayan suna, sunansa adjectival clause ko relative clause, aikinsa kuwa yana bayyana sunan nan da ya gabace shi, kuma dole yaro ya ambaci sunan. Amma a yi hattara da that: a “He said that he was tired” ba wannan aikin take yi ba, don said aikatau ne, ba suna ba. Gwajin mai sauƙi ne, in za ka iya musanya ta da which ko who maganar ta tsaya, ta reshe ce. In ba ta musanyu ba, wata that ce daban.

In ka shiga aji, kada ka fara da jera kalmomin a allo. Rubuta jimloli bibbiyu gajeru daga abin da suka sani, kasuwar Jega, shinkafar fadama, kwalekwalen Yauri, ka sa su ja layi a ƙarƙashin he, him, his, it ko there da ke jimla ta biyu. Sannan su goge wannan kalmar da hannunsu, da tsumma, kowa yana gani, kafin su rubuta wadda za ta maye gurbinta a bakin reshe. Gogewar nan ita ce darasin, don hannun da ya goge his da kansa ba ya saurin mayar da ita. Yaron nan mai tambaya kuma shi za ka fara miƙa wa allin. Ba shi “The man is crying” da “His cow died”, ka koma bayan aji ka tsaya.